Haibirid a Hanyar Bagauda: Motar Iyali Mai Fetur da Batir

Motar haibirid mota ce da ƙarfi biyu ke turawa: injin fetur irin wanda kowa ya sani, da injin lantarki da ke shan wuta daga wani babban batir da aka ajiye a ƙarƙashin kujera ko a bayanta. A gidan mai ake zuba mata fetur kamar kowace mota, kuma irin da ta fi yawa a duniya ba a jona ta da wutar gida. Tana cikin tafiya take cajin batirinta da kanta. Wannan ne ya fi shige wa mutane duhu a garuruwa irin su Bebeji da Kiru, inda da an ambaci mota mai batir tambayar farko ita ce ina wutar da za ta ishe ta. Haibirid ba ta jiran wutar kamfanin KEDCO. Abokan gabarta a kudancin Kano su ne zafi, ƙura, da hannun da bai san ta ba.

Yadda take aiki

Injin fetur mai ɓarna ne tun asali. A cikin ƙarfin da ke cikin lita guda, abin da ke isa taya bai kai rabi ba. Saura zafi yake zama ya fita ta salansa da lagireto. Ɓarnar ta fi yawa a wuri uku: in mota na tsaye inji na aiki, in ana tashi daga tsaye, da in an taka birki, domin gudun da aka ƙona mai aka samu, birki kan mayar da shi zafi ya bi iska. Waɗannan wurare ukun haibirid take tarewa. In ta tsaya a cunkoso, injin fetur kan mutu da kansa. In za ta tashi, injin lantarki ne ke fara jan ta, don shi tun juyin farko yake ba da cikakken ƙarfinsa, sai ta ɗan miƙe sannan na fetur ya kama. In direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin lantarkin sai ya juye ya zama janareta: taya ke juya shi, shi kuma yana rage wa motar gudu yana tura wuta cikin batir. Kwamfutar motar ce ke zaɓen wanda zai yi aiki a kowane lokaci, direba ba ruwansa. Abin ya yi kama da shagon da ke da janareta da inbata tare, janareta ya cika batir in yana aiki, a kashe shi in kayan wutar da ke kunne ba su da yawa.

Tunda an sama wa injin fetur ɗin mataimaki wajen tashi, sai aka ƙera shi don tsimin mai maimakon ƙarfi. Toyota ta ce injin Prius ƙirar 2016 yana mayar da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin fetur zuwa aiki, kuma wannan babban adadi ne a injin mota. Batirin kuwa bai kai yadda ake zato ba. Na Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, abin da shi kaɗai ba zai kai motar fiye da kilomita ɗaya ko biyu ba. Aikinsa karɓa da bayarwa ne, sau ɗaruruwa a tafiya guda. Sai dai ƙarfin wutarsa ya haura bolt 200, shi ya sa aka yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi. Ban da shi akwai ƙaramin batir mai bolt 12 da ke tayar da kwamfuta, wanda in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake.

Wanda ya fara shiga irin wannan mota yakan zaci ta ƙi tashi. Ya taka birki ya danna maɓalli, ba ƙara, ba girgiza, sai wata koriyar alama a gaban sitiyari an rubuta READY. A nan motar ta riga ta tashi. In ya sa giya ya saki birki sai ta sulale shiru, har sai ta fita daga layi kafin ya ji injin fetur ya kama. Wannan shirun yana da haɗarinsa a ranar kasuwa ko a lungun da yara ke wasa da awaki ke kwance, tunda jama'a da kunne suka saba kauce wa mota.

A tsarin Toyota, wanda shi ne ya fi shigowa Najeriya, an cire abubuwa da dama da suka saba kai mota gareji. Babu sitata, babu altaneta, babu kuloci, kuma a madadin giya mai hawa-hawa akwai wasu 'yan haƙoran ƙarfe da ke raba ƙarfi tsakanin injinan da taya. Takalmin birki kan daɗe ƙwarai, domin rabin aikinsa injin lantarki ke yi.

Daga gwaji zuwa motar gida

Tunanin ya tsufa. Tun wajen 1900 Ferdinand Porsche ya haɗa injin fetur da na lantarki a wata mota da ya ƙera wa kamfanin Lohner a birnin Biyana, amma arahar fetur da nauyin batir suka binne dabarar kusan shekara ɗari. Toyota ce ta tono ta. A 1993 ta kafa wani rukunin injiniyoyi, wanda daga baya Takeshi Uchiyamada ya jagoranta, kuma a Disamba 1997 ta fara sayar da Prius a Japan, a watan da ake taron sauyin yanayi na duniya a Kiyoto. Honda ta biyo da Insight a 1999, 'yar ƙarama mai kujera biyu. Shekaru da dama ana kallon waɗannan motoci a matsayin na 'yan gayu masu kishin muhalli, ba na magidanci mai mata da 'ya'ya ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dasa wannan tsari a cikin motocin da mutane suka riga suka sani. Ford ta fitar da Escape haibirid a 2004, Toyota ta yi Highlander da Lexus RX 400h a 2005, sannan Camry a 2006. Direbobin tasi a Niyok da Bankuba suka ɗauke su suka yi musu dubban ɗaruruwan kilomita, aka ga ashe batirin ba ya mutuwa da wuri kamar yadda ake tsoro. Zuwa Janairu 2017 Toyota ta sayar da haibirid miliyan 10, zuwa farkon 2020 kuma miliyan 15. A Tarayyar Turai, kusan kashi 31 cikin ɗari na sababbin motocin da aka yi wa rajista a 2024 haibirid ne, sun kusa cimma masu fetur zalla.

Matakin da ya fi shafar Kano shi ne wanda ya zo daga baya: daina ƙera ta fetur zalla ɗungurungum. Tun daga ƙirar 2021, duk Sienna da ta fito daga masana'anta haibirid ce, an yi sallama da injin nan mai silinda shida da direbobin Najeriya suka sani. Camry ta bi sahu a Amurka daga ƙirar 2025, RAV4 kuma daga ƙirar 2026. Waɗannan su ne motocin da magidanta a nan ke so: Camry ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa, Sienna ga mai babban gida da za ta kwashe mutum bakwai ko takwas zuwa biki ko gaisuwar mutuwa.

Ba duk abin da aka rubuta wa haibirid ne iri ɗaya ba. Akwai mai ƙaramin taimako, wadda injin lantarkinta ba ya iya jan motar shi kaɗai, kuma tsiminta kaɗan ne. Akwai cikakkiya irin Prius da Camry da Sienna. Akwai kuma wadda ake jonawa da wuta, mai babban batir da kan yi kilomita 40 zuwa 80 kafin injin fetur ya kama. Ɗaya daga cikin na farko a wannan rukuni na uku ita ce Chevrolet Volt da aka fara sayarwa a ƙarshen 2010, kuma Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi aiki da General Motors, shi ya zana fasalin samfurinta da aka nuna a Ditiroyit a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, wadda a 2021 ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mai jonawar ta fi dacewa da gidan da ke da sola mai ƙarfi. Wanda ba shi da wurin caji, nauyin batir kawai zai riƙa ja.

Hanyar da take biyowa zuwa Kano

Ƙalilan ne ke sayen mota sabuwa dal a Najeriya. Kasuwar ta tokumbo ce, kuma mafi yawan Toyota da Honda da ke yawo a titunan Kano sai da suka yi shekaru a Amurka ko Kanada kafin su hau jirgin ruwa. A da ta Kwatano ake biyo da su, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, sai harkar ta koma tashoshin ruwan Legas. Daga nan mota kan hau tirela ko a tuƙo ta zuwa wajen dillalai a birni, ta yi zagaye a hannun mutum ɗaya ko biyu, sannan ta gangaro Tudun Wada ko Kwanar Dangora. Wato abin da aka ƙera a can yau, shi ne zai cika wuraren dillalai a nan bayan shekara takwas ko goma. Mai neman Sienna ta fetur zalla har yanzu zai samu, amma mafi sabuntar da zai samu ƙirar 2020 ce, kuma kullum tsufa take yi.

Sai kuma kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Cikin kwana biyu ya haura 500 a Arewa, a Yuli ya wuce 600, a Oktoba 2024 ya tsallake 1,000. Daga baya ya ɗan sauko da fetur ɗin matatar Dangote ya yawaita a kasuwa, amma zamanin da magidanci zai cika tanki bai yi lissafi ba ya wuce. Kafin wannan lokaci dillalai ba sa son haibirid, don takan daɗe ba a taya ba. Yanzu tambayar da mai saye ke fara yi ita ce ta shan mai. Sai dai a daidai lokacin da darajarta ta ɗaga, ta ƙara tsada: naira da ake canzawa wajen 460 a dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin mota da na kwastan suka bi ta.

Inda take tsimi da inda ba ta yi

Tsimin haibirid ya dogara da irin hanyar da take bi, kuma a nan ne masu talla ke yin shiru. Awon da hukumar muhalli ta Amurka ta yi wa Camry ƙirar 2012 ya nuna haka ƙarara. A cikin gari, mai fetur zalla kan yi kusan kilomita 11 da lita guda, haibirid ta yi 18. A babbar hanya kuwa, ta fetur tana yin kusan 15, haibirid ba ta kai 17 ba. Dalili a fili yake: in mota ta miƙe a kan gudu ɗaya ba tsayawa ba birki, babu ɓarnar da za a tare, injin fetur ne ke yin kusan dukan aikin.

Yankin Bagauda yana da hanyoyi iri-iri, kowace da nata lissafin. Tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya, wadda mutanen Kiru da Bebeji ke hawa, miƙaƙƙiya ce. Mai tahowa daga Kwanar Dangora da sassafe a kan gudu ɗari ba zai ga wani abin mamaki a allurar mai ba. Ribar tana farawa ne daga Na'ibawa. Daga nan zuwa Unguwa Uku, zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko Kantin Kwari, tafiya ce ta taka-ka-tsaya tsakanin Adaidaita Sahu da manyan motoci, inda tsohuwar Sienna ke ƙona mai tana tsaye da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, haibirid kuwa injinta a kashe. Ma'aikacin da ke zaune a birni yana zuwa aiki Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda ko wajen madatsar Tiga, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Kano, yana cin moriyar rabi da rabi ne.

Hanyar da ta nausa kudu, ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa, ta fi ba ta dama fiye da yadda za a zata. Akwai garuruwa a bakin titi, da kwanoni, da wuraren da kwalta ta farfashe, da shingen jami'an tsaro, kuma kowane rage gudu wuta ce ke komawa batir. A tsaunukan Riruwai, inda ƙasar Kano ta fi tudu, injin lantarki kan taimaka a hawa, a gangara kuma batir ya cika. Amma da yake ƙarami ne, doguwar gangara kan cika shi tun ba a kai rabi ba, daga nan nauyin motar ya koma kan birki. Don haka aka sa wa da yawansu wata giya mai alamar B, wadda ke sa injin fetur ya riƙe motar. Direban da bai san amfaninta ba zai sauko da birki yana wari.

A Sienna tazarar ta fi faɗi, domin an musanya inji mai silinda shida da mai huɗu. Ta 2020 tana yin kimanin kilomita 9 da lita, ta 2021 kuma 15, a gari da wajen gari. A ɗauka magidanci yana yin kilomita 1,500 a wata tsakanin gona, kasuwa, asibiti da kai yara makarantar kwana. Tsohuwar za ta sha lita 167, sabuwar lita 100. In lita tana naira 900, bambancin ya kai naira dubu 60 a wata. Kuɗi ne, amma dole a ɗora shi a sikeli da miliyoyin da ke tsakanin farashin motocin biyu. Wanda motarsa ke kwana a rumfa sai ranar Juma'a ba zai mayar da kuɗinsa ba; mai yawan zirga-zirga shi ke da riba. Kuma duk waɗannan alƙaluma na motar da ba a danne ta da kaya ba ne. In an cire kujerun baya an jera buhunan masara daga Doguwa ko shinkafa daga Tudun Wada, yadda ake yi wa Golf da Sharon, tsimin zai ragu, ƙafafun motar ma su gaji da wuri.

Zafi da ƙura

Batirin haibirid ya fi son yanayin da mutum ke jin daɗinsa. Zafi mai yawa yana tsufar da shi, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka bari a rana gilashi a rufe. A mafi yawan waɗannan motoci ba ruwa ke sanyaya batirin ba. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska daga cikin ɗakin motar, ta wata ƙofa mai raga a gefen kujerar baya, ko ƙarƙashinta, ko bayanta, ta hura masa. Wannan ƙofa da ba ta fi tafin hannu ba ita ce ran batirin, kuma ita ce aka fi toshewa ba da sani ba: jakar kaya, ƙullin zannuwa, ledar da aka lulluɓe kujera da ita don kada yara su ɓata, ko mutum na huɗu da aka matsa a kujerar mutum uku. Lokacin hunturu kuma ƙura kan shiga ta daskare a fukafukan fankar har ta kasa jan iska. Alamar farko ita ce a ji fankar tana kuka da ƙarfi a baya, injin fetur ya daina mutuwa a tsaye, mai ya fara gudu. Share fankar da ragarta bayan kowane hunturu aiki ne na ƙasa da awa guda, kuma babu gyaran da ya fi shi tsawaita ran batir. Kunna na'urar sanyi ma, wadda direbobi ke gudu don tsimin mai, a wannan mota hidima ce ga batirin.

Damina tana da nata sharaɗin. Ruwan sama ba ya yi mata komai, amma kwazazzabon da ruwa zai shigo har cikin ɗaki ya taɓa batir, asara ce babba. Prius da Camry gajeru ne a ƙasa. Wanda gidansa ke ƙauyen da sai an bi burji an tsallake rafi, Highlander ko RAV4 ta fi masa.

Toyota tana ba wa batirin garantin shekara 8 ko kilomita dubu 160 a Amurka, daga ƙirar 2020 kuma ta ƙara zuwa shekara 10 ko kilomita dubu 240. Da yawa suna wuce haka lafiya lau. Matsalar ita ce tokumbo kan iso nan daidai lokacin da wannan wa'adi ya ƙare ko ya kusa, kuma garantin ba ya tsallako teku.

Bakanike

Nan ne babban giɓin yake. Bakaniken Kano gwani ne a injin da ake gyarawa da kunne da sifana, amma wasu dabarun da suka zama jiki a gareji guba ne ga haibirid. Cire abin da ke daidaita zafin inji da haɗa fanka kai tsaye, waɗanda ake yi wa kusan kowace tokumbo da sunan an mayar da ita ta ƙasar zafi, suna rikita kwamfutar har injin ya ƙi mutuwa a tsaye, tsimin ya tafi. Na'urar da ke juya wutar batir tana da nata ruwan sanyi da nata famfo, kuma ruwan rijiya ba ya maye gurbinsa. Kwamfuresar sanyaya ɗaki da lantarki take aiki, tana da wani mai na musamman da wuta ba ta bi ta cikinsa; mai ɗura gas da ya zuba mata man da ya saba zai iya jawo motar ta ƙi tashi. Baƙin mai kuma marar kauri take so, irin 0W-20, ba mai kaurin da ake aunawa a galan ba. Akwai ma haɗarin rai. Motar da ke kan READY injinta kan iya tashi da kansa a kowane lokaci, ko da yaron gareji na ƙarƙashi ya kwance mai. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuma ba a taɓa su sai an zare filogin tsaro na batir, an jira, an sa safar hannu ta masu aikin wuta.

In ta tsaya a hanya, ba a tayar da ita da turi, kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin gaba na ƙasa, domin jan yana juya injin lantarki ya haifar da wutar da za ta ƙona kaya. Sai an ɗora ta a mota. In fetur ya ƙare, a tsaya nan take. Matsa mata ta ƙarasa da batir kan zuƙe shi har ya kasa tayar da inji, kuma cajinsa sai da na'ura ta musamman. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ratsa Falgore, wajen kilomita 150 daga birni, dajin da direbobi ba sa son dare ya yi musu a ciki. Masu kwamfutar da ke karanta cutar haibirid a birni suke, kayan gyara ma sai Ƙofar Ruwa ko a aiko daga Legas.

Ba abu ne da ya gagari koyo ba. A Mongoliya, ƙasa mai munanan hanyoyi da tsananin sanyi, tsofaffin Prius daga Japan sun cika babban birnin Ulanbato, kuma ƙananan gareji ne ke riƙe da su. Matasan da ke gyaran waya a Farm Centre da masu haɗa sola da inbata sun riga sun san mita da batir da karatun allo. Su ne suka fi kusa da wannan sana'a, in an haɗa su da masu sifana. Ƙungiyar bakanikai ta NATA da kwalejojin fasaha na jiha su ne wuraren da irin wannan horo zai fi saurin yaɗuwa.

Saye da gyaran batir

Mai sayen tokumbo haibirid batir yake saye, jiki da fenti na biye. Kafin a biya, a sa mata kwamfuta a ga ko an goge wani laifi kwanan nan, sannan a duba ƙarfin kowane ɓangare na batirin motar na tafiya. In wani ya yi ƙasa da 'yan'uwansa, ya fara gajiya. Lambar P0A80 ita ce ke cewa batirin ya kai a canza. A kuma bincika lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 a intanet, domin da yawa daga gwanjon motocin haɗari da ambaliya ake sayo su, kuma wadda ta taɓa nutsewa tsatsa na cin wayoyinta a ɓoye. A leƙa salansa a tabbata ba a cire indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta, ba, don na haibirid ɓarayi sun fi nema.

Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne. Na Prius ta 2004 zuwa 2015 faranti 28 ne a jere, na Camry ta farko 34. Saboda haka gyara ya kasu uku: a canza farantin da ya mutu kawai, a sayo batir na hannu daga motar da ta yi haɗari, ko a sa sabo. Na farko shi ne mai araha kuma shi aka fi yi, amma farantin da aka sa cikin tsofaffi ba ya tafiya daidai da su, bayan 'yan watanni wani ya sake faɗuwa. Sababbin ƙira da yawa sun koma batirin litiyam, wanda ya fi sauƙin nauyi amma bai karɓi irin wannan faci ba.

Akwai mai gasa da haibirid a neman sauƙin mai, wato mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Kuɗin juyawar bai kai na sayen wata mota ba, amma tukunyar tana cinye but, kuma amfaninta ya rataya ne a kan wurin ɗurawa. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, shi ake sa ran zai wadata jihar. Ga mai zama a Doguwa, gidan mai ko ɗan bumburutu ya fi kusa da shi fiye da kowace tashar gas.

Mataccen batir kuma ba na bola ba ne. Irin na nikel yana ɗauke da wani ruwa mai cin fata da makanta ido, na litiyam kuma kan kama wuta in an huda shi ko ya yi zafi fiye da ƙima, wutar da ke da wuyar kashewa. Ko bayan an cire shi daga mota akwai sauran wutar da za ta iya kashe mutum. 'Yan gwangwan sun saba fasa batirin mota na gargajiya don dalmar da ke ciki, kuma in wannan ya faɗa hannunsu haka za su yi masa da guduma. Faranti masu sauran rai suna da kasuwa wajen masu gyara, nikel ɗin ciki ma abin sayarwa ne, don haka mafi aminci shi ne mai mota ya bar tsohon a hannun wanda ya sa masa sabo, a rage masa kuɗinsa a cikin ciniki.